Kuskus ɗin Juma'a a gidan Si Driss

Akwai wata mata a unguwarmu a Taza, sunanta Hafida, matar Si Driss mai shagon yadi. Ta yi fama da ciwon dajin mama, aka yi mata aiki, ta sha wahalar magani har gashinta ya zube. Ranar da likita ta ce ba a ga sauran ciwon ba, Si Driss ya yanka rago. Yayarsa Rkiya ta fi kowa rangaɗa guɗa.

Ba a jima ba aka mayar wa Hafida da aikinta na kullum, wato kuskus ɗin Juma'a na dangi gaba ɗaya. Ita za ta ɗaga tukunya, ita za ta murza shi da zafinsa.

Abin da ba wanda ya tsaya tambaya shi ne, likita ta ɗora ta a kan wata ƙwaya da za ta sha kullum na shekaru, don kada ciwon ya dawo. Ƙwayar tana sa mata ciwon gaɓoɓi da zufa, yatsunta su sage da safe. Hannun da aka yi aikin ta gefensa kuma kumbura yake in ta ɗauki abu mai nauyi. Har kuskus ɗinta ya fara fitowa a dunƙule.

Rkiya ba muguwa ba ce, amma bakinta ya fi tunaninta sauri. In ta ga Hafida ta zauna tana matsa hannu, sai ta ce, "Ke dai ciwo ya tafi ya bar miki son jiki. Tashi mana, maza sun kusa dawowa daga masallaci."

Hafida takan yi murmushi kawai. Kunya take ji ta yi ƙorafi bayan duk hidimar da aka yi mata.

Sai wata Juma'a aka ga ta fara sakewa. A hankali kuskus ya dawo kamar da, wara-wara, ba dunƙule ko ɗaya. Rkiya ta riƙa ƙari tana faɗa wa kowa cewa faɗanta ne ya yi aiki. Haka aka yi ta tafiya har rani ya wuce.

Rannan suna wanke-wanke, Rkiya ta tambaye ta cikin raha ko wane magani ta samo.

Hafida ta ce, "Ba samowa na yi ba, Yaya. Dainawa na yi. Na bar shan ƙwayar."

"Ta mece ce ƙwayar?"

"Ta hana shi dawowa ce. Amma in ina sha ba na iya ɗaga tukunya, ga shi kuna jira."

Rkiya ta ajiye kwanon da ke hannunta.

Washegari ita da kanta ta raka Hafida asibiti. Likita ta yi faɗa, ta sa aka sake gwaje-gwaje, ta ce da an gaya mata tun farko da ta canja maganin ko ta rage mata wahalarsa. Kwanakin jiran sakamako Rkiya ko abinci ba ta iya ci. Allah Ya taimaka, ba a ga komai ba.

Yanzu Hafida ta koma kan magani, da safar hannu ta masu kumburi. Rkiya ce ke yin kuskus ɗin Juma'a, kuma gaskiya hannunta bai kai ba, yakan fito a dunƙule. Si Driss ya taɓa yin ƙorafi. Ta ce masa, "Ci haka, ƙanena. Wancan mai daɗin da ran matarka muka ci shi."

Darasi: Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Wadda ta tsira daga ciwon daji tana iya yin shekaru da gajiya da ciwon da ido ba ya gani. Ku tambaye ta yadda take ji, ku rage mata aiki, kada jin kunyarku ya sa ta bar maganinta. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai shiru irin haka a gidanku.