Manomin da Ya Mayar da Tsohuwar Lamba

Akwai wani mutum mai babban sito a bakin kasuwa. Ya raba shi ɗaki-ɗaki, manoman garin suna ajiye irin shuka a ciki daga kaka zuwa damina. Kowane ɗaki da kwadonsa, irin kwadon nan marar mabuɗi, wanda ake buɗewa da lambobi. Da fari mai siton ne ke sa wa kowa lamba. Wanda ya manta tasa ya zo wurinsa, mai son canji ya zo wurinsa, har bawan Allah ba ya samun cin tuwonsa da zafi. Ga shi asirin gari duka yana kansa, ko mudu ɗaya ya ɓace shi za a kalla.

Sai ya tara su ya ce daga yau kowa ya sa lambarsa da hannunsa, kada ya gaya wa kowa, har shi mai siton. Ya nuna musu cewa kwadon ba ya karɓar sabuwar lamba sai an buɗe shi da tsohuwa. Ya kuma kafa doka: in an gama girbi, lambar bara ta mutu, mai gadin siton ba zai bari a shigar da buhu ba sai ya ga an canza.

To, a cikinsu akwai wani manomi, mutumin kirki, mai kunya ainun. A daminar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da shi daidai lokacin shuka, sai ya ba surukinsa lambar, dattijon ya sa aka ɗebo iri aka shuka masa gonar. Da kaka ta yi, manomin ya tsaya gaban kwadonsa yana saƙe-saƙe. In Baba ya zo wata rana kwado ya ƙi buɗuwa, me zai ɗauka? Ai kamar ka kira shi ɓarawo ne ido da ido. Sai ya canza lambar a gaban mai gadi, mai gadi na juya baya, manomin ya mayar da tsohuwar. Ya tafi gida yana ganin ya yi dabara.

Surukin nan bai taɓa cin hakkin kowa ba. Amma ranar da aka ɗebo irin ba shi ya je da kansa ba, mai amalanke ya aika. Mai amalanke kuwa ya faɗa wa wanda ya taya shi lodi. Haka lambar ta yi ta yawo baki-baki har ta isa kunnen da bai kamata ba.

Da ruwan shuka ya sauka, manomin ya je ɗaukar irinsa. Ya sami kwado a kulle lafiya lau, ɗaki kuwa wayam. Ya nufi mai siton ransa a ɓace, ya ce an kasa tsare masa kaya.

Mai siton ya ce, “Katanga ba ta faɗi ba, ba a kuma fasa kwado ba. Wanda ya shiga da lamba ya shiga. Ni ban san ta ba. Ka canza ta da kaka?”

Manomin ya sunkuyar da kai. Jama'a na gona suna shuka, shi yana bi gida-gida roƙon iri, kuma gidan da ya fara durƙusawa na surukin ne.

Ma'anar wannan misali ita ce: siton nan ikkilisiya ce, ɗakin kuma zuciyarka. Ubangiji ya sa masu tsaron ƙofa, amma lambar a hannunka ya bar ta. Fasto ba ya riƙe da ita, dattawa ma haka. Akwai ƙofar da ka buɗe a da, wataƙila da kyakkyawan dalili, ga wani aboki ko wata ɗabi'a, lokacinta ya wuce, amma kunya ta hana ka rufewa. Waɗansunmu kuma mun ƙware a aikin manomin nan, 'yan'uwa. Ran Lahadi mu tuba a idon jama'a, ran Litinin mu mayar da komai yadda yake. Mai gadi kam za ka iya ruɗinsa, don aikinsa ya ga ka canza ne kawai. Amma irin da ke cikin ɗakin naka ne, kuma in ruwa ya sauka ba ya jiran kowa ya gama roƙo.