Tafin Ɓuntun da Ɗayyabu Yake Watsa wa Wuta

Akwai wani bawan Allah a Panshekara mai suna Ɗayyabu. Mijina ne, yau kwanansa arba'in a ƙasa. Ni Fanna ban yi boko mai nisa ba, don haka yadda abin ya faru, haka zan faɗa muku.

Shekara tara yana aiki a wani kamfanin shinkafa a Challawa. Shi ke zuba ɓuntu a wutar boila, wadda tururinta ke dafa shinkafar. In ya dawo gida kuwa, rubutu ne hutunsa.

Wata rana ya ji labarin mutanen ƙasar Meziko na zamanin da a rediyo, manoman masara. Abin ya burge shi. Ya sayi littafin rubutu, ya ƙirƙiro nasa mutanen daga kansa, ya sa musu suna Shiwatal. Har addini ya tsara musu. Suna bauta wa wata wuta da ba a barinta ta mutu. Ranar girbi kowane gida ya kashe murhunsa, a jefa mata masarar farko, sannan kowa ya ɗebi sabon garwashi.

Yana karanta mini ina tsintar wake. Na ce, "Malam, mutanen nan naka ba su da kai. Masarar farko a ƙona?"

Ya yi dariya ya ce, "Ki bari ki ji ƙarshensu."

Ban ji ba.

Gwadabe, abokin aikinsa, ya ga littafin a ɗakin canja kaya. Ya ɗauki hoton shafi ɗaya, inda aka rubuta, "Ya uwar zafi, karɓi farkon abin da ƙasa ta haifa." Ya laɓe ya ɗauki bidiyon mijina yana watsa tafin ɓuntu a wuta, bakinsa na motsi. Ya tura wa ma'aikata, ya rubuta a ƙasa: "Majusi a cikinmu."

Ko tambayarsa ba a yi ba. Wurin mai abinci aka ware masa kwano. A masallacin kamfani, in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Matan layinmu suka daina aiko yara ɗiban garwashi a gidana. Ya yi bayani har ya gaji, ana ce masa, "To me zai sa musulmi ya rubuta wannan?"

Ya rufe littafin, bai ƙara taɓa biro ba. Wata bakwai a haka, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi.

An yi masa wanka, an fito da makara ƙofar gida. Ina ciki na jiyo muryar Gwadabe.

"Jama'a, ni dai na fita haƙƙinku. Mai bautar wuta ba a yi masa salla."

Na leƙa. Mutane sun ja baya. Liman, Malam Alhassan, ya tsaya yana shafa gemu. Mijina na kwance a rana, ana shawarar ko shi musulmi ne.

Na ɗauko littafin na zo bakin zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, ku karanta shafin farko, ku ɗaga murya."

Ya karanta: "Da sunan Allah. Wannan labari ƙage ne, na shirya shi don in ba Fanna dariya."

Gwadabe ya ce, "To bidiyon fa? Shi ma ƙage ne?"

Sai wani dattijo, Bashir, wanda ya fi kowa daɗewa a boilar, ya matso ya ce:

"Kai Gwadabe, in an sauke sabon ɓuntu, da me kake gane ya bushe?"

Bashir ya ci gaba:

"Ba tafi ɗaya ake fara watsawa ba? In ya kama nan take, a zuba. In ya yi hayaƙi, da danshi, zai kashe wuta. Ni na koya wa Ɗayyabu, ni na koya maka, na ce ku riƙa bisimilla. Jiya da safe ma a gabana ka watsa naka. Kai ma majusin ne?"

Liman ya ce a daidaita sahu. Sahu biyar aka yi.

Ban gode wa Bashir ba. Wata bakwai maganar nan tana bakinsa, sai da ya ga likkafani sannan ta fito.

Yanzu a kamfani, duk sanda Gwadabe ya ɗebi ɓuntu sai an juyo ana kallon hannunsa. Ranar sadakar uku ya zo ya tsuguna a zaure, ya ce, "Yaya Fanna, don girman Allah ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni ka kafirta ba. Yana maƙabarta, ka san hanya."

Littafin yana ƙarƙashin matashina. Ya tsaya a shafi na talatin da ɗaya, ranar girbi, mutanen Shiwatal sun kashe murhunansu suna jiran garwashi.

Darasi: Kada ka fitar da mutum daga addininsa da hoton shafi ɗaya. Ka tambaye shi tun yana da bakin amsawa. Kai kuma da ka san gaskiya ka yi shiru, ka faɗe ta yau, gawa ba ta jin wanke suna. Ku tura wa duk wanda ya saba yaɗa abin da bai karanta farkonsa ba.