Gam ɗin Taga a Jikin Jirgin Ruwa

Ku yi wa Annabi salati.

Sallallahu alaihi wa sallam.

To madalla. Na baya ku matso, hirar ta isa haka.

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin dam, can ƙasar Karaye. Kafinta ne, gyaran kwale-kwale ne sana'arsa, kuma ya iya, wannan ba musu. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, Inna Barira. Kun san iyayenmu da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa a kan idonsa ba. "Wancan" take ce masa, shi ke nan.

Wata rana Dalhatu, mai fiton mutane zuwa tsallake, ya sayi inji, ya kawo masa jirgi don ya ɗaura katakon da injin zai zauna a kai. Aikin ba wuya. A huda bayan jirgin, a zura kusoshi. Sai dai kowace huda dole a cika ta da baƙin gam na ruwa, wanda ake sayowa daga Kano, a bar shi kwana uku ya kama.

Nasa ya ƙare. Zuwa Kano yini guda ne, ga rana, ga ƙyuya. A ɗakinsa kuwa akwai ragowar farin gam da ya liƙa gilashin tagarsa da shi. Ya ɗauko, ya matsa a kowace huda, ya ɗaure kusoshi, ya bi da fenti.

Da Dalhatu ya zo ɗauka sai ya shafa wurin, ya ce, "Malam, na ruwan ka sa ko? Mutane nake ɗauka fa, ba buhunan gyaɗa ba."

Ya ce, "Haba Dalhatu! Ni za ka koya wa aiki? Wallahi na ruwa ne."

Kun ji, ya 'yan uwa? Da sunan Allah ya rufe ha'incinsa.

Gam ɗin taga ba ya jure jiƙa, ba ya jure girgizar inji. Ya riƙa saki a hankali, ruwa na bin kusoshin, katako na ruɓewa ta ciki, fenti na ƙyalli a waje. Kafintan kuma ya sani. Duk sanda ya hangi jirgin cike da mutane sai ya ce gobe zan sa Dalhatu ya kawo in sake. To amma da wane baki, bayan ya rantse? Damina guda ya yi yana cewa gobe.

Bayan kaka aka yi haihuwa a danginsu, can wajen Zoza. Ranar suna Inna Barira ta shirya da maƙwabciyarta Munawwara. Jirage biyu suka tarar a bakin ruwa, na Dalhatu da wani. Munawwara ta nufi ɗayan, Inna ta riƙo mayafinta.

"Ke, zo nan. Wannan ai wancan ne ya gyara shi. Duk bakin ruwan nan babu mai hannunsa."

Munawwara ta yi dariya. "Inna, yau ke ce da yabon ɗan fari?"

"Rufe mini baki. Ai ba ya nan."

Suna tsakiyar ruwa katakon ya ɓalle da injin gaba ɗaya, ya tafi da rabin bayan jirgin. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki. Masunta suka ceto bakwai, har da Munawwara, amma ban da Inna.

A wurin zaman makoki Munawwara ta durƙusa gaban kafintan tana kuka, ta faɗa masa abin da Inna ta ce, don zuciyarsa ta yi sanyi. Wayyo, 'yar nan ba ta sani ba! Shekara arba'in yana jiran wannan kalma daga bakin uwarsa. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Na taga na sa." Sau uku yana faɗa, sannan ya zube.

An binne Inna Barira tare da mutum uku a rana ɗaya. Dalhatu ya tsira, amma bai sake yin fito ba, ya koma gona. Munawwara har yau in za ta Zoza sai ta zagaya ta mota. Kafintan kuwa yana nan da rai. Babu mai kawo masa aiki, ba ya iya kallon ruwa, ko na alwala sai ya runtse ido.

Ya 'yan uwa, aikin da fenti ya rufe, Allah yana ganinsa. Wanda ya yi kuskure ya faɗa tun yau, kunyar ta yini ɗaya ce. Kada a sa sunan Allah a kan ƙarya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya tsare hannuwanmu daga ha'inci, ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.