Mai Gyaran Risho da Ya Sayar da Bakinsa

An yi wani mutum a nan garin Zuru. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye kuma ba su da laifi. Dattawan cikinku za su gane shi. Waɗanda ba su san shi ba, labarinsa ya ishe su.

Sana'arsa gyaran risho da fitila. Shekara goma sha wani abu ya yi a gindin wata dalbejiya a bakin kasuwa, da ɗan bencinsa, da akwatin kayan aiki, da ƙullin lagwani rataye a reshe. Bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi sanin ƙarfe. In ka miƙa masa tukunya ko bokiti, sai ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurara, ya juya gindin ya bi haɗin da yatsa. Shi ke nan, ya gaya maka ko za ta yi shekara goma, ko ba za ta ga damina biyu ba.

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai, kaya masu araha suka cika kasuwa: fulas, faranti, fitila, risho, kowanne sai ƙyalli. Mutane suka rikice. Wani ya ce mai tsada shi ne mai kyau. Wani ya ce duk ɗaya ne, a sayi mai araha a huta. Sai kowa ya koma wajen mutumin nan. Matan sojoji, manoman Dabai, Fulani masu tallan nono, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, duk sai sun biyo ta gindin dalbejiya kafin su biya.

Kullum abin da yake gaya musu ke nan: “Ku daina tambayar kuɗinsa, ku juya shi ku dubi gindin.” Sau da yawa yakan ture mai tsada, ya ɗauki mai araha ya ce, “Wanga ya fi.” Ba ya karɓar komai a kan haka. Wata ta ba shi tuwo, wani ya yi masa addu'a.

Ya 'yan uwa, kun ga arzikin da Allah ya yi wa bawan nan? Gari guda ya yarda da bakinsa. Attajirai nawa ne suka sami wannan?

Amma shi bai ga arzikin ba. Abin da yake gani shi ne ruwan sama na korarsa daga gindin bishiya, abokansa kuwa suna zaune cikin shago mai ƙofa. Wannan abu ya daɗe yana cinsa a rai. Har matarsa Indo ta gaji da jin zancen shago.

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Lukuman. Ya yi tafiya Kudu, ya dawo da mota cike da risho. An shafe su da koren fenti irin na masu kyau, amma ƙarfen bai fi gwangwanin madara kauri ba. Mutumin namu ya juya guda ɗaya, ya ga tankin kananzir ɗin ba walda aka yi masa ba, like shi kawai aka yi, aka rufe da fenti. Ya ajiye, ya ce wannan in ya sha zafi na 'yan watanni, buɗewa zai yi. Maganar ta bazu. Mako uku Lukuman bai sayar da ko ɗaya ba.

Sai Lukuman ya zo da kansa bayan La'asar, ya zauna a kan bencin, ya ce, “Malam, ina da ɗan shago kusa da nawa, babu kowa ciki. Naka ne. Ban ce ka yi ƙarya ba. In an tambaye ka, ka ce babu laifi, shi ke nan.”

Mutumin ya ce, “Arahar tasu ma kaɗai za ta tona su.”

Lukuman ya yi dariya ya ce, “To sai in ɗaga kuɗin. Mutanenmu in sun ji tsada hankalinsu kwanciya yake yi.”

Haka kuwa aka yi. Rishon da aka ƙi da araha, aka ninka masa kuɗi, aka ce sabon zuwa ne. Mai gyara ya tare a shago mai ƙofa.

Ku lura da yadda Shaiɗan yake tafiya da mutum. Ranar farko da aka tambaye shi, kai kawai ya ɗaga. Mako na biyu ya ce, “Babu laifi.” Kafin wata ya ƙare, shi ke cewa, “Ai irin wannan ake nema.” Ya gaya wa ransa cewa in sun fara yoyo ai wurinsa za a kawo, ya gyara. Wa ya ba shi tabbacin za a kawo?

Akwai wata dattijuwa a Dabai, sunanta Keziah. Mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki, ɗanta Philip ma soja ne a can Kudu. Ta san mutumin nan tun yana sabon aure. Lokacin da Indo ta sha wahalar haihuwar 'yarsu ta fari, Surayya, Keziah ce ta zauna da ita a asibiti kwana huɗu, ba dangin uwa ba na uba. Tun daga nan take kiransa Baban Surayya, shi kuma yana ce mata Mama.

Hayaƙin itace ya fara cin idon Keziah, likita ya ce ta rage hura wuta. Ranar kasuwa ta shigo shagonsa riƙe da risho biyu. Ɗaya tsoho ne, na hannu, duk ya yi baƙi, wata maƙwabciyarta za ta sayar mata da araha. Ɗayan koren Lukuman ne.

Ta ce, “Baban Surayya, ni idona ba ya gani sosai. Kai ne idona. Wanne zan ɗauka?”

Ya karɓi tsohon, hannunsa ya ji nauyin ƙarfe na gaskiya. Ya san wannan zai iya kai ta ƙarshen rayuwarta. Ya ɗaga kai, sai ga Lukuman tsaye a bakin ƙofa yana sakace.

Ya ce, “Mama, ɗauki sabon.”

Ta ce, “Ya yi tsada fa.”

Ya ce, “Wallahi tsadarsa ba a banza take ba.”

Ya 'yan uwa, ya saka sunan Allah a ciki. A kan gwangwani!

Wata huɗu bayan haka, da hantsi, bayan an gama girbi an cika rumbu, Keziah ta ɗora wake a kan risho. Gindin tankin ya buɗe, kananzir ya malale a ƙasa, wuta ta bi shi ta kama zaninta. Kafin maƙwabta su kawo ɗauki, ɗakin girki ya tafi, rumbun dawa ya tafi. Ita kuwa an fito da ita, hannuwa da ƙirji duk sun saluɓe.

Da labari ya iske shi, ya bar shago a buɗe, ya hau kabu-kabu zuwa asibiti. Ya tsaya daga nesa. Ita ce ta gane muryarsa lokacin da yake gaida masu jinya.

Ta ce, “Baban Surayya ne? Matso. Kar ka sa abin a ranka. Na gaya musu kananzir ne marar kyau. Abin da ka zaɓa mini ba zai cuce ni ba.”

Ya ce, “Allah ya ba ki lafiya, Mama.” Ya fito.

Daga nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Mota guda ce Lukuman ya kawo, kuma duk sun ƙare. Suna ina? Su wa suka saya? Ya zauna yana tuno fuskoki: matar kofur a Rikoto, wani malamin makaranta, amare biyu daga Sakaba, wata Bafulatana da bai ma san rugarsu ba. Ya tuna wasu, ya manta da yawa. Kowanne yana cikin wani gida, kusa da yara, ana kunna shi safe da yamma.

Ya je wa Lukuman, ya ce a yi shela a dawo da su. Lukuman ya ce, “Ni ɗan kasuwa ne, ban san ƙarfe ba. Kai ka ce suna da kyau. In ka buɗe baki, kanka ka ɗaure.”

Sai ya ɗauki akwatinsa ya shiga bin gidaje. Amma har a lokacin bai yarda ya faɗi gaskiya ba. Cewa yake yi ya zo duba risho kyauta. A Rikoto ya roƙi matar kofur ta ba shi nata ya tafi da shi. Ta ce, “Lafiyarsa ƙalau, tuwo ma nake shirin ɗorawa.” Ya ce yana jin tsoron yana da matsala. Ta yi dariya ta ce, “Haba Malam, kai da bakinka ka rantse mini. Ko wani mai saye ka samo masa?”

Gida bayan gida, amsar ke nan. Yardar da ya yi shekaru yana ginawa ita ta tsaya a ƙofa ta hana shi shiga. Mako biyu yana yawo, bakwai kaɗai ya karɓo. Ya daina cin abinci. In ya hango hayaƙi ya tashi a bayan dutse, ko ƙunar gona ce, sai ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga. Indo ta tambaye shi abin da ke damunsa har ta gaji, bai gaya mata ba.

Ya 'yan uwa, kalma ɗaya ta rage masa: “Na yi ƙarya.” Da ya hau benci ranar kasuwa ya faɗe ta, da kafin Magariba an kashe kowane koren risho daga nan har Dirin Daji. Me ya hana shi? Kunya. Ya ji kunyar mutane, bai ji ta Mahaliccinsu ba.

A mako na uku rishon gidan matar kofur ya buɗe, wuta ta tashi. Ita ta tsira. 'Yarta mai shekara uku, da ke zaune kusa tana jiran abinci, ba ta tsira ba. Kwana biyu bayan haka Keziah ta cika.

Philip ya zo binne mahaifiyarsa. Ya tono ƙwarangwal ɗin rishon daga cikin toka, ya kai wa wani mai walda. Mai walda ya sa yatsa biyu ya ɓare gindin kamar ɓawon gyaɗa, ya ce duk wanda ya taɓa riƙe guduma zai gane wannan da kallo ɗaya.

Ranar kasuwa Philip ya shigo shagon da kakinsa, jama'a na biye da shi. Ya ajiye ƙarfen a kan tebur. Mutane suna jira su ga duka. Bai ɗaga hannu ba. Ya ce, “Baba, har ta mutu tana cewa kada a ga laifinka. Ni tambaya ɗaya na zo da ita. Ka sani, ko ba ka sani ba?”

Mutumin ya zube ƙasa ya ce, “Na sani.”

Ya faɗe ta a ƙarshe, amma bayan kabari biyu.

Lukuman ya riga ya kwashe kayansa ya bar gari, har yau ba a san inda yake ba. 'Yan sanda suka tafi da mai gyara, ya yi zamansa a gidan yari, ya fito. Bai tarar da shago ba. Indo ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, ta ce ba za ta iya kallon fuskar wanda ya yi wa Mama Keziah haka ba. Ko lagwani ba mai saye a hannunsa.

Aka gaya masa an yi shela a masallatai da coci-coci, an tattara rishon an farfasa. Ya ce ba duka ba, saura na Bafulatanar nan. Aka ce masa sun yi ƙaura tun bara. Bai ji ba. Daga nan hankalinsa ya tafi. Direbobin hanyar Sakaba sun sha ganinsa a ƙafa, ba takalmi, yana ratsa daji daga ruga zuwa ruga. Duk matar da ya gani sai ya durƙusa ya ce, “Don Allah, kar ki kunna.” Shekara uku yana haka. Wasu makiyaya ne suka tsinci gawarsa a bakin wani rafi, ba su ma san ko wane ne ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ƙera rishon ba, bai sayar ba, bai ƙyasta ashana ba. Shaida kawai ya bayar. Malamanmu sun gaya mana shaidar zur tana cikin manyan zunubai, mu kuwa muna zaton a gaban alƙali kaɗai ake yin ta. A'a. Makanike, in ka ce taya za ta kai alhali ka ga ta tsage, shaida ka bayar. Mai kemis, mai dillancin gida, kai da ake tambayarka halin wanda ya zo neman aure, duk wanda aka ce masa “kai ne idona”, amana ce aka ɗora masa, kuma za a tambaye shi.

Ku masu saye kuma, tsada ba shaida ba ce, araha ma ba laifi ba ce. Ku duba abu da kyau, ku tambayi wanda ya sani. Kai kuma da ka sani, ka ji tsoron Allah. In har ka riga ka yi ƙaryar, kada ka kwana da ita. Je ka warware ta yau, tun ana iya kashe wutar.

Allah ya tsare harsunanmu daga shaidar zur. Allah ya sa mu fi ƙarfin kwaɗayinmu, ya ba mu ikon tuba tun kafin lokaci ya ƙure. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu daga wutar duniya da ta lahira. Amin.