Rigar Katin Inna

Akwai wani tela da duk layinsu ke kira Sai Gobe. Ba mugu ba ne, ɗinkinsa ma ba laifi, amma ko maɓalli ka kawo masa sai ya ce ka dawo gobe. In goben ta ritsa shi kuma, sai ya yi aikin a guje.

Mahaifinsa tsohon mai zanen allunan shaguna ne. Tun yaransa na ƙanana ya zana musu wani wasa a kan katako, ya haɗa da katunan kwali da ya yi wa fenti da hannunsa, kowane ɗauke da fuskar wani ɗan gidan. Da tsufa ya zo, mantuwa ta cinye Baba. Sunayen 'ya'yansa suka ɓace masa, rasuwar matarsa ma bai riƙe ba. Amma duk yamma in aka shimfiɗa wasan ya ɗago katin Inna, sai ya yi murmushi ya ce, "Ga gimbiyar tawa." Abin da ya rage musu na Baba ke nan.

Ƙanwar tela ta lura gefen katunan ya fara cinyewa. Ta sayo 'yan ledoji garai-garai, daidai girman kati, ta kai masa shago.

"Yaya, rigar kati ce wannan. In aka zura kowane a tasa, gumi da ruwa ba za su taɓa shi ba. Hannunka ya fi nawa laushi, ina tsoron in yaga. Amma fa a bushe ake sa su."

"Ke, tela za ki koya wa sa riga? Bari sai gobe."

Ledojin suka yi ta kwana a aljihun keken ɗinki. Rannan hannun Baba ya yi rawa, kofin ruwa ya kife a kan katunan. Tela ya tuna bakin ƙanwarsa. Maimakon ya shanya su su sha iska, sai ya goge su da gefen riga, ya ɗauko ledojin, ya cusa katunan a ciki da danshinsu, ya rufe akwatin wasan.

A makon ne zazzaɓi ya kwantar da Baba a asibiti. Bayan an sallamo shi, ƙanwa ta buɗe akwatin don a yi wasa. Fumfuna ta cika ledojin. Da ta jawo katin Inna, fentin ya manne a jikin leda, kwali ne kawai ya fito, toka-toka.

Baba ya karɓa, ya juya shi gaba da baya. "Wannan fa, na waye?" Ya ajiye.

Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya yi kuka. Ƙanwa ta dubi yayanta, ta fita ɗebo ruwa. Tela ya zauna, ya nemi baƙin ciki a ƙirjinsa bai samu ba. Har yau yana shimfiɗa wasan duk yamma, Baba na kallon bango.

Darasin a nan shi ne, abin da kake so, ka kare shi tun yana da lafiya. In kuma ka makara, kada ka ƙara da gaggawar ɓoye laifi. Jinkiri ne ya jiƙa katin Inna, gaggawa ta ƙarasa shi.