Gyaran Da Farfesa Ya Ƙi Yi

Farfesa masanin tarihi ne, kuma littafi ɗaya ne ya fito da sunansa. A cikinsa ya bayyana mene ne tarihi da yadda ya kamata a rubuta shi. Shekara talatin ɗalibai suna haddace shi kafin jarrabawa. Aibinsa guda ne: bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Matarsa takan ce ko gishiri ya zuba a shayi, sai ya kawo hujja.

A babi na huɗu ya ba da misali da wani yajin aiki da aka taɓa yi a wata masaƙa. Ya rubuta cewa sakataren ƙungiya ne ya ci amanar ma'aikata, ya miƙa wa masu kamfani sunayen shugabanninsu. Hujjarsa kuwa rahoton manaja ne guda ɗaya da ya gani a ma'ajiyar takardu.

Wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta hawo bene har ofishinsa, tana haki. Ta ajiye ambulan a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, ni 'yar sakataren nan ce. Ga takardar sallamar Baba daga kurkuku. Ranar da ka ce ya miƙa sunaye, kwanansa tara a tsare."

Farfesa ko buɗewa bai yi ba. "Baiwar Allah, kowa ubansa waliyyi ne a idonsa. Ba a rubuta tarihi da son zuciya."

"Ai kai ka ce a tambayi kowace takarda wa ya rubuta ta, me yake nema. Ka tambayi ta manajan?"

Ya dubi agogo, ya ce yana da aji.

Sau uku tana dawowa, daga baya ta daina. Aka sake buga littafin har sau biyar, bai canja ko wasali ba.

Bayan ya yi ritaya, wata tsohuwar ɗalibarsa ta gano rajistar kurkukun, ta wallafa abin da ta gani: lallai sakataren yana tsare a ranar. Ba a daina karantar da littafin ba, amma babi na huɗu kaɗai ake buɗewa, a matsayin misalin yadda masani ke yaudarar kansa. Farfesa ya daina fita. Yakan wuni a falo, jarida a cinya, ba ya karantawa.

"Malam, tashi ka je ka ba matar nan haƙuri," in ji matarsa. "Zaman nan ba ya gyara komai."

Ya je. Ya same ta a ɗaki ta miƙe ƙafafu sun kumbura. Ta saurare shi har ya gama.

"Na gaji, Farfesa," ta ce. "Inna ta rasu tana jiran wannan maganar. 'Ya'yana sun girma ana kiransu jikokin maci amana. Na yafe, ba don komai ba sai don ba ni da sauran ƙarfin riƙo."

Ya koma gida ya rubuta gyara shafi biyu, ya kai wa mawallafi. Mawallafin ya gaishe shi da ladabi, ya ce sun daina buga littafin tun bara.

Mai karatu, ilimi ba ya hana kuskure, amma girman kai na hana gyara. Duk wanda ya riƙe alƙalami, mutuncin waɗanda ba sa nan balle su kare kansu ne a hannunsa. In an nuna maka kuskurenka, gyara shi tun mai haƙƙi na da ƙafar zuwa wurinka.