Macijin Bayan Injin Wanki

Akwai wani ɗalibin digiri na uku a Taman Melati, wata unguwa a ƙasar waje, sunansa Zulkiflu. Yana zaune a hawan ƙasa da matarsa Barira, da jaririnsu, da Gwaggo Habiba, ƙanwar mahaifin Barira. Wankan jego ya kawo ta daga Rano, korona ta sa aka rufe iyaka, ta maƙale.

Lokacin kulle unguwa ta yi tsit, ciyawa ta cika kwata. Sau biyu maciji yana shigowa harabarsu, ma'aikatan kashe gobara da ake kira Bomba suna zuwa su ɗauke shi. Sun ce mai cin ɓera ne, ba shi da dafi. Tun daga nan Zulkiflu ya zama malamin macizai.

Wata ranar bayan azahar Barira ta fito daga kicin da gudu, tana nuni. Wani abu ne naɗe a bayan injin wanki.

Zulkiflu ya ɗauki sandar goge ƙasa yana dariya. "Mai cin ɓera ne kawai. Yanzu zan fitar da shi."

Gwaggo ta leƙa daga bakin ƙofa, ta ja baya.

"Malam, dakata. Na kwanakin baya ruwan ƙasa ne, siriri, idonsa manya, da jin motsi ya tsere. Wannan baƙi ne wuluk, yana sheƙi, kuma bai gudu ba. A kira masu kamawa."

"Gwaggo, nan fa ba Rano ba ce. Na karanta a kansu."

Ya zura sandar. Macijin ya miƙe, ya fasa kai, ya yi huci. Kafin Zulkiflu ya ƙifta, ya tsarto masa dafi a ido.

Ihun da ya yi har maƙwabta sun ji. Jariri ya tsage da kuka.

Gwaggo ta finciko shi, ta banko ƙofar kicin, ta cusa zani a ƙarƙashinta. Ta danna kansa ƙarƙashin famfon banɗaki.

"Kar ka murza! Buɗe idon! Barira, kira asibiti da Bomba!"

Ba ta ɗaga hannunta ba sai da motar asibiti ta iso. Saboda dokar korona, shi kaɗai aka tafi da shi, yana lalube yana salati. Bomba suka fito da kumurci a buhu.

Kwana uku Barira ba ta iya cin abinci ba. Likita ya ce wankin idon da aka yi da wuri ne ya ceci ganinsa, amma idon hagu ya rage ƙarfi.

Da ya dawo, ya durƙusa gaban Gwaggo. "Gwaggo, ki yafe min."

"Ba komai, Malam. Tashi ka ɗauki ɗanka, tunda Allah ya bar maka idon ganinsa."

Darasi: Kama da wane ba ta wane. Macijin da ba ka tabbatar ba, ka ɗauke shi mai dafi, ka ja baya, ka kira masana. Kuma kada boko ya toshe maka kunne daga maganar manya. Ku tura wa 'yan uwa, ko Allah zai sa wani ya tsira.